Gwiwar Barazili a Falon Umma

Godiya ta tabbata ga Allah da ba Ya saukar da ciwo sai da maganinsa. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan. Matan Rusaifa sun san rabinsa, dangin Kano kuma sun ji wani rabin da aka ƙara wa gishiri a hanya. To ga shi daga bakina, ko Allah Zai sa wata ta karanta kafin ta shimfiɗa wa mijinta katifa a falon uwarta.

Sunana Safiyya. A Makka aka haife ni, kakana ne ya zo aikin hajji daga Kano bai koma ba. Hausar da nake rubutawa a littattafan soyayya na koye ta, irin waɗanda alhazai ke kawo wa gwaggota a ƙasan jaka, ƙarƙashin kuka da daddawa. A saman gida nake karanta su, bayan tankin ruwa. A cikinsu duk namijin kirki sai ya kwanta ciwo ko sau ɗaya, matar kuma ta zauna a gefen gado tana share masa gumi da bakin mayafi, tana ba shi abinci a baki, har ya buɗe ido ya ce ita ce maganinsa. Da wannan karatun na shiga jinya.

Maigidana ɗan Birazil ne, ɗan ƙwallo. Kada ku kawo irin waɗanda ake nunawa a talabijin a ranku. Mai tsaron baya ne, daga cikin masu bin kulob duk inda ya samu. Ya bar garinsu tun yana ɗan saurayi, ya buga a Fotugal, ya buga a wata ƙasa mai dusar ƙanƙara inda aka riƙa yi masa wasa da albashi, ya buga a Tailan, sannan wani ƙaramin kulob na rukunin ƙasa a nan yankin ya ɗauko shi. Yayana Haruna shi ke tuƙa baƙin 'yan wasan daga masaukinsu na Jidda zuwa filin atisaye, ta hanyar da ke kewaye Makka, tunda wanda ba musulmi ba ba ya shigowa. A wannan motar suka saba. Daga baya ya musulunta, ya zaɓi suna Idrisu, kuma ranar da ya fara shigowa Makka a gidanmu ya ci abincin rana. Na leƙa ta labule na ga dogo, wankan tarwaɗa, yana kokawa da tuwo kamar mai kamun kifi da hannu. Na ce a raina shi ke nan, nawa littafin ya buɗe. Unguwa kuwa har yau ba ta kiransa komai sai Barazili.

Ba mu cika shekara da aure ba abin ya faru, ana gab da rufe kakar wasa. Yaya Haruna ya ce ba wanda ya taɓa shi. Ya juya ne zai bi ɗan gaba, ƙafar ta kafe a ƙasa, jikin ya tafi ya bar ta. Idrisu kuma ya ce ya ji wani abu ya yi ƙara a cikin gwiwar dama, kamar an tsinka igiyar shanya. Kafin magariba gwiwar ta kumbura suntum.

Muka yi ta zirga-zirga Jidda. Yau hoto, gobe a dawo sai kumburi ya saɓe, jibi na'urar tana da layi. A ƙarshe aka ce jijiyar da ke riƙe gwiwa ta ciki ce ta tsinke, sai tiyata. Kwantiraginsa yana ƙarewa da ƙarewar kaka, shekarunsa kuma sun haura talatin. Mutanen kulob sun yi halacci, sun ɗauki nauyin tiyatar, suka ce idan ƙafar ta dawo kafin tsakiyar kaka mai zuwa ya zo a gwada shi. Idan ba ta dawo ba, babu wani kulob da zai sayi tikiti saboda mai tsaron baya mai waɗannan shekarun da gwiwa ɗinkakkiya. Shi ya sani, ni ma ya gaya mini da Larabcinsa na fili da 'yar Hausar da ya tsinta.

"Safi, wannan ne na ƙarshe. In babu, ƙwallo halas, ta ƙare."

Ranar sallama likitan, wani dattijo mai farin gemu, ya tsaya a kanmu ya yi bayani. "Ni rabin aiki na yi," in ji shi. "Ɗaya rabin a gida yake. Ƙanƙara, miƙewa, lanƙwasawa, tun daga wannan makon. Zai yi zafi, a yi duk da haka. Harrik, harrik." Wato a motsa, a motsa. Na gyaɗa kai. Amma gaskiya a lokacin gashin idon mijina nake kallo, yadda ya kwanta luf saboda sauran allurar barci, ina jin kaina kamar matan da na karanta.

Gidan aurenmu a hawa na uku yake, babu lif. Umma, mahaifiyata, ko shawara ba ta nema ba.

"Da ƙafa ɗaya zai hau sama? Ba da ni ba. A kawo mini shi nan."

Aka fitar da kujera ɗaya daga falonta, aka shimfiɗa katifa da sabon zanin gado, aka kunna turaren wuta. A wurinmu haka ake yi wa majinyaci mai daraja: a tsakiyar gida ake ajiye shi inda kowa zai gan shi ya yi masa sannu, ba a barinsa ya ɗauki ko kofin ruwa da kansa.

Makon farko ya tafi a dubiya. Da hantsi maƙwabta mata, bayan la'asar maza, bayan magariba dangi. Wannan ya ce "salamtak", wancan ya ce "ya jiki", shi kuma yana amsa "da sauƙi" yadda na koya masa, ana ta dariyar jin daɗi. Kowa da kwanonsa. Farfesun ƙafar sa don ɓargo, kunun gyaɗa, shinkafa da madara irin ta mutanen Hijaz, ayaba da aka murje da gurasa da kirim da zuma. Wanda ya kawo ba ya tashi sai ya ga an ci.

Ranar da na ɗora masa ƙanƙara a tawul Umma ta riƙe baki.

"Ke! Ƙanƙara a kan ciwo? So kike sanyi ya shige masa ƙashi ya tsufa da shi?"

"Umma, likita ne ya ce."

"Likitan ne zai zauna da shi in ya tsufa? Mayar da ita firji."

Na mayar.

Sai Kawu Sale ya zo, ƙanin Umma mai shagon turare a Misfala. Ya tarar da Idrisu ya zura tawul a tafin ƙafa yana jawo ta a hankali. Kawu ya yi wuf ya ƙwace tawul ɗin.

"La'ilaha! Me kake yi haka, ya waladi? Tsohonmu ya ɗora ƙafafu ba iyaka a garin nan, har ta raƙumi ya ɗora. Ƙa'ida ɗaya ce. Abin da aka haɗa ba a girgiza shi sai ya yi arba'in."

"Kawu, ba ƙashi ba. Jijiya."

"To jijiya ta fi ƙashi ƙarfi ne? In ƙashi na buƙatar arba'in, ai zare sai ya fi. Kwanta."

Kowa a falon ya ce wallahi Kawu ya yi magana. Har ni, sai na ji maganar ta zauna mini.

Shi dai ya san aikinsa, ya ga abokan wasa da yawa da aka yi wa irin wannan tiyata. Sai ya koma yin motsin da sassafe kafin gida ya tashi. Abin yana buƙatar gajeren wando, ya kwanta a ƙasa ya jingina ƙafar da bango yana zamo da ita. Wata safiya ina kicin, Umma ta shigo falon da buta a hannu. Ta ga surukinta rigingine a ƙasa, cinyoyi a waje, ƙafa a sama. Butar ta faɗi. Ta yi salati ta juya da sauri har tana karo da ƙofa. Shi kuma ya jawo zanin gado ya rufe har kansa.

Ta yi kwanaki ba ta shiga falon ba, sai dai ta tsaya bayan labule ta ce, "A gaishe da ɗan nan da jiki." Ni ta kira ɗaki.

"Safiyya, na san baƙo ne, amma ke ai ba baƙuwa ba ce. Ki koya masa. Gidan nan mata ke shigowa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage. Na je na gaya masa cikin lallashi, na goge masa farar doguwar riga na ba shi. Ya karɓa ya saka. Mutum ne da ke jin nauyin Umma fiye da 'ya'yan da ta haifa, kuma sabon shiga addini yana tsoron duk abin da aka ce masa bai dace ba. Daga ranar a cikin doguwar riga yake wuni, kamar ango mai karɓar gaisuwa.

A mako na biyu kulob ya turo ma'aikacin gashin ƙashi, wani ɗan Masar gajere mai damtse, Daktur Magdi. Ya kori kowa daga falon ban da ni, ya naɗe hannun riga, ya kama ƙafar ya fara turawa. Ban taɓa jin namiji babba ya yi irin wannan ƙara ba. Da harshensu ya yi ta, yana dukan katifa, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Magdi ko a jikinsa, yana cewa "kaman shwayya, ƙara kaɗan." Maƙwabta suka fara buga ƙofa. Gwaggo Asabe, yayar mahaifina, wadda ta zo dubiya tana tsakar gida, ta banko labule.

"Kina tsaye ana yanka miki miji? Wace irin zuciya gare ki? A gidan wa kika ga ana jinya da ihu?"

Da yamma labari ya kewaye layin, wai Safiyya ta kawo ƙato yana murɗe wa Barazili ƙafa ita kuma tana kallo. Wata ta ce dama 'yan matan yanzu ba su iya tattalin miji ba. Na shiga banɗaki na yi kuka. Ni da na tashi ina mafarkin zama macen da za a riƙa misali da jinyarta, yau ni ake nunawa da baki.

Magdi ya sake zuwa sau biyu, kowane zuwa da ihunsa da tsegumin da ke biyo baya. A zuwa na gaba na tare shi a ƙofar gida. Na ce majinyacin ya gaji, a ɗan dakata sai zafin ya ragu.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ya madam, zafin ba zai ragu da kansa ba. In kin tausaya masa yau, za ki yi ta tausaya masa har tsufa."

Na ce na gode, za mu kira shi. Na rufe ƙofa ina jin kaina jaruma.

Ban ɓoye wa Idrisu ba, na gaya masa. Ya ɗaga ido ya kalli silin. Na zaci zai yi faɗa. Ya ce, "Ƙwallo ba ta jira, Safi." Na durƙusa da kofin kunu na kai masa baki, idona cike da hawaye, na ce mako ɗaya kawai, ka ɗan samu ƙarfi. Ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Can ya ce, tun da ya bar gida duk ciwon da ya yi shi kaɗai ya yi shi a ɗakin haya, da tarho da abincin leda, ba wanda ya taɓa ba shi abu a baki. Ya lumshe ido. A nan na ƙarasa narkewa, shi ma ina ganin a nan ya saki. Mako ɗaya ya zama biyu, ba wanda ya ambaci Magdi.

Sai aikin hajji ya zo. Wanda ya zauna a Makka ya san yadda garin ke komawa: hanyoyi a rufe, shinge ko'ina, fita da shiga sai da dalili. Yaya Haruna ya samu aikin tuƙa motar alhazai tsakanin Arafa da Muzdalifa, ba ma ganinsa. Ranar komawarmu wurin likita ta faɗo a tsakiyar cunkoson. Na kira na ɗaga, aka ba mu wata ranar mai nisa, na ce ba komai. Gidan kuma ya cika da dangin Kano da suka zo sauke farali. Kowa na son ya ga ɗan ƙwallon Birazil da ya auri 'yarsu, a ɗauki hoto a tura gida. Suka zo da man kaɗanya da man shanu da wani baƙin magani a kwalba, na bi na shafe gwiwar safe da yamma, a hankali, kada in fama masa. Wata Hajiya ta dafa kaina ta ce, "Kin ga matan ƙwarai. Dubi yadda ya murje ya yi fari, kamar ba mai ciwo ba." Na sunkuyar da kai ina murmushi. Har sababbin littattafai suka kawo mini, ina karanta masa yana gyangyaɗi.

Da alhazai suka watse muka tafi Jidda. Na sa sabuwar abaya, na yi kwalliya daidai gwargwado. Wallahi yabo na je karɓa.

Muka yi zaman layi tun safe har kusan azahar. Da aka kira mu, likitan ya ga Idrisu ya shigo da sanduna biyu, sai fara'arsa ta ɗauke. Ya sa shi ya hau sikeli, ya dubi lambar, ya dubi takarda, ya sake duban lambar. Ya kwantar da shi ya kama ƙafar ya tura. Ta ɗan tafi ta tsaya cak, ko zaman kujera ba za ta yi daidai ba. Ya ja don ya miƙar da ita, nan ma ta ƙi ƙarasawa. Cinyar kuwa ta zube, kamar ba ta mutumin da ya yi rayuwarsa yana gudu ba.

A ɗakin akwai ma'aikaciyar jinya da wasu ɗalibai biyu masu fararen riguna.

"Wa ke jinyarsa?" in ji likitan.

Na matso. "Ni ce, Daktur."

"Me kuke yi duk tsawon lokacin nan?"

Na buɗe baki. Me zan ce? In ce farfesu? In ce man kaɗanya? Idrisu ya yi ƙoƙarin cewa laifinsa ne, likitan ya ɗaga masa hannu.

"Kai zan zo kanka, kai ɗan wasa ne, ka fi kowa sani. Ita nake tambaya, don ita na yi wa bayani ranar sallama, tana gyaɗa mini kai."

Ya juya ga ɗaliban ya nuna gwiwar da biro ya ce, "Tayabbus." Kalmar ta zauna mini har yau. Wato ta ƙage, nama ya tsiro a ciki ya ɗaure ta saboda rashin motsi. Ya yi musu darasi a kan ƙafar mijina ina tsaye da sabuwar abayata. Ɗaya daga cikinsu ta saci kallona ta kawar da kai, wannan kallon ya fi faɗan likitan zafi.

Aka ce sai an sake sa shi barci a lanƙwasa ta da ƙarfi, a kankare abin da ya tsiro. Wannan karon babu hannun kulob, kaka ta riga ta rufe. A nan dole in faɗi alherin mutanena. Kawu Sale, wanda arba'in ɗinsa ta kai mu ga wannan, shi ya fara kawo gudummawa tun kafin a nema, bai kuma yarda an yi masa godiya ba. Gwaggo Asabe ta yi azumi saboda shi. Amma har ranar da aka shiga da shi Kawu cewa yake, "Da an cika arba'in ɗin sosai ba a taɓa ta da farko ba, da ba a kai ga haka ba."

Bayan aiki na biyu na yi abin da ban taɓa zaton zan iya ba. Na ce wa Umma gidanmu za mu wuce.

Tana tankaɗe ta tsaya. "Hawa na uku?"

"Likita ya ce matakalar ma magani ce."

"Wato jinyata ce ba ta yi ba."

"Umma, ba haka ba ne."

"A'a, faɗi. Na ɗauke shi kamar ɗan cikina, na hana kaina falo, na hana kaina barcin rana. Ashe cutarsa nake yi." Ta ci gaba da tankaɗenta. "Allah Ya ba shi lafiya. Ku gaida gida."

Yaya Haruna ne ya kwaso mana kaya. Matan layi suna leƙe ta taga.

Sai kuma kiran Magdi. Na daɗe da wayar a hannu kafin in danna. Bai yi mini gori ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Na san za ki kira." Ya ce ba zai iya zuwa kullum ba, saboda haka sauran ranakun ni zan yi. Ya kama hannuna ta kan safar roba ya nuna mini inda zan dafa da inda zan tura. "Idan ya yi ihu, ki ƙara kaɗan ki riƙe. Idan ya roƙe ki, kada ki kalli fuskarsa."

Haka na zama ƙaton da aka zage ni a kansa. Safe, rana, yamma. Ya kifa ciki ya cusa fuska a matashi, ni kuma in dafa ƙugunsa da gwiwata in tura dunduniyar sama da dukkan ƙarfina. Ya kira ni da sunaye a harshensu waɗanda har yau ya ƙi fassara mini. Maƙwabcinmu na ƙasa ya hau ya tambaya ko lafiya, na ce lafiya, ya tafi bai yarda ba. Na kulle tukunyar farfesu, na koma dafaffen kaza da ganye ba mai. Ƙanƙara kuwa har firjin maƙwabta na roƙa.

Na kuma hana dubiya. Wata ranar Gwaggo Asabe ta hau duk matakalar nan da ƙafafunta masu ciwo, da kwano a hannu, daidai lokacin motsin rana. Na buɗe ƙofa kaɗan na tsaya a bakinta.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, yanzu ba zai iya ganin kowa ba."

"Ni ce kowa?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Safiyya, ni na yi wa uwarki wankan jego a gidan ubanki, ke kina tsumma. Yau ni kika tsare wa ƙofa?" Ta ajiye kwanon a ƙasa. "Ba komai. Aure ne da Bature."

Na saurari saukarta mataki bayan mataki, tana tsayawa tana hutawa. Sannan na koma ciki na kama ƙafar.

Watanni suka tafi a haka. Gwiwar ta riƙa ba da kai kaɗan kaɗan, kamar mai rowa. Ya ajiye sanda ɗaya, ya ajiye ta biyu. Ya hau keken motsa jiki. Ya fara sassarfa a wani fili bayan gari da asuba ta yi haske. Ranar da ya iya zaman tahiya a ƙasa ba tare da kujera ba, ya juyo ya kalle ni bayan sallama, muka yi dariya kamar yara. Nauyin ya ragu, cinyar ta fara dawowa. Miƙewar ce dai ta rage ɗan kaɗan da ta ƙi cikawa, wanda ido ba ya gani sai likita. Na tambayi likitan ko makonnin da muka ɓata ne suka jawo. Ya ce, "Allahu a'alam, wasu ko sun yi komai daidai ba sa komawa fili. Amma waɗancan makonnin su ne masu tsada, kuma ba a sayo su daga baya."

Ga wadda za ta ji: idan aka yi wa naki tiyatar gaɓa, ki tambayi likita sau biyu abin da ake so a yi a gida, ki kuma kalli bakin likitan lokacin da yake magana. Jijiya ba karaya ba ce. A sama wa majinyaci ɗaki mai ƙofa, a sa wa dubiya lokaci. Za a zage ki. Ki zaɓi zagin farko, ya fi arha.

Kulob ya cika alkawari, a tsakiyar kaka aka kira shi gwaji. Yaya Haruna ya kai mu, ni na zauna a mota bayan shingen waya ina hango fili. Da aka sa su gudu miƙe, wallahi ya yi kyau, har Yaya ya buga sitiyari ya ce "Yalla ya Barazili!" Sai aka raba su wasa. Aka haɗa shi da wani matashi siriri mai buga gefe. Yaron ya nufo shi da ƙwallo, ya yi kamar zai bi dama ya bi hagu. Na ga mijina ya ga abin tun kafin a yi shi, kansa ya juya, kafaɗarsa ta juya, gwiwar ce ta tsaya shawara. Aka wuce shi. Aka sake wuce shi. A karo na uku bai ma bi ba.

Kocin ya rungume shi a gefen fili, ya daɗe yana yi masa magana yana bubbuga bayansa. Ya dawo mota da takalman a hannu. Yaya ya kunna rediyo ya kashe. Haka muka shigo Rusaifa. Yanzu Idrisu yana koyar da ƙwallo a wata makarantar horo a Jidda, da ita muke ci, alhamdu lillahi.

Washegarin gwajin, bayan la'asar, ya ce zai kira mahaifiyarsa ta bidiyo ya gaya mata. Tsohuwa ce mai furfura da faffaɗan murmushi, ba ta jin kowane harshe sai nasu, saboda haka gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu. Na zauna a gefe ina jin su. Ta yi kuka kaɗan, ta share da tafin hannu, sannan ta ce wani abu, ya juyo da wayar wajena.

"Tana son ta yi miki magana."

Ta daɗe tana magana, hannunta a ƙirji. Ya riƙa fassarawa a hankali. Wai ta gode. Wai duk tsawon ciwon nan ba ta yi barci da fargaba ba, don ta san ɗanta yana hannun mace mai tausayi. Wai ya gaya mata yadda na zauna a gefensa dare da rana. Wai ƙwallo dama ƙarewa take yi, amma mace irina ba a samu sau biyu.

Na ce, "Habibi, gaya mata gaskiya. Ka ce mata ni na kori mai gashin. Ka ce da na bar shi ya yi aikinsa, da wataƙila jiya an ɗauke ka."

Ya girgiza kai. "Wannan ba zan fassara ba."

"Don Allah."

"Ƙafata ce, Safi. Na sani, na kwanta. In kina so ki faɗa mata, ki koyi yaren."

Tsohuwar tana nan a fuskar wayar tana jiran amsata, tana duban ɗanta tana dubana, murmushin bai bar fuskarta ba. Na ɗora hannu a ƙirji yadda ta yi. Ta sumbaci yatsunta ta manna su a gilashin, ni kuma na karɓa.